Eriya a Kan Rufin Safta

"Ya fito?" Dobre mijina ya ƙwala daga kan rufi, ya rungume ƙarfen eriya da hannu biyu kamar mai rawa da amarya.

Na juya wajen tagar falo. "Wai ya fito?"

"Bai fito ba! Ki ce masa ya ƙara yi wajen kogi, kaɗan kawai!" Tudose ke nan, ɗan maƙwabciyata Safta, yana durƙushe a gaban talabijin.

"Wajen kogi! Kaɗan!"

"Wajen ina?"

"Kogi, kurman banza! Kogi nawa gare mu?"

Haka na tsaya a tsakar gidan Safta ina haushi kamar karya, ni Frusina, da furfurata, alhali Safta na kwance a ƙuryar ɗaki numfashinta na fita da ƙyar. Nan ba wurina ba ne. Wurina kujerar da ke gefen gadonta, da kyandir da ashana a cinyata. Bari in faɗa muku yadda aka yi suka tashe ni daga kanta, domin abin da ake yaɗawa a ƙauye ba shi ne abin da ya faru ba.

Shekara arba'in da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanina da Safta. Gidanta shi ne na ƙarshe a saman tudu, nawa na ƙasa da shi kaɗan. Ni ban shiga makaranta ba, amma duk wanda ya kwanta ciwon ajali a layinmu ni ake kira. Mutum ba ya tafiya sai da kyandir mai ci a hannunsa, in ba haka ba a duhu zai yi ta lalube a can. Mutum ashirin da biyu na riƙe wa hannu, babu ko ɗaya da ya kuɓuce mini.

Safta ta fi kowa tsoron wannan. Mijinta a gonar inabi ya faɗi, shi kaɗai, sai da yamma aka tsince shi. Ta yi abin da ake yi wa irinsu. Ta tsaya a coci ta faɗa da bakinta cewa mijinta ya tafi ba haske, Fada ya karanta addu'ar waɗanda suka tafi a duhu, sannan ta yi ta kunna kyandir a inda ya faɗi har ranar arba'in. Dole na jininka ko abokin aurenka ya faɗa, kuma kafin arba'in ta cika. Duk da haka ta yi shekaru tana mafarkinsa yana shafa bango.

Da ciwon ya kwantar da ita a farkon bazara, ta kama hannuna ta ce, "Frusina, ki rantse."

"In rantse da me kuma? Sau nawa zan gaya miki?"

"Ki rantse ba za ki tashi ba. Ko gidanki na cin wuta."

"To na rantse. Sha romon nan ki daina cika ni da surutu."

Ranar Talata na ba direban bas saƙo ya kai wa Tudose a Krayoba, inda yake aiki a masana'anta, cewa uwarsa ta kusa. Ranar Alhamis sai ga shi. Na hango shi yana hawo tudu da babban kwali a kafaɗa, da wani dogon ƙunshi a naɗe cikin bargo. Har zuciyata ta yi sanyi, na ce yaron nan ya yi hankali, ya zo da kayan jana'iza.

"Dada Frusina, ina kwana? Yaya jikin Muika?" Ni Dada yake ce mini, uwarsa kuma Muika.

"Shiga ka gani da idonka. Me ke cikin bargon?"

"Kayan aiki ne."

Ya shiga wajenta, ya sumbaci hannunta, ya zauna kamar tsawon shan taba ɗaya. Daga nan ya fito ya leƙa ta kan shinge yana kiran "Nea Dobre! Nea Dobre, zo ka ga wani abu." Nea, haka ake kiran dattijo a nan.

Talabijin ne a kwalin. A bargon kuwa eriya biyu. Tashar gwamnatinmu awa biyu take yi a rana, jawabi da tafi, tafi da jawabi, kuma gasar ƙwallon duniya da za a fara ranar Laraba an ce ba za a nuna mana ba. Amma Bulgariya da ke ƙetaren kogi za su nuna. A Krayoba ba ta kamawa sosai. A ƙauyenmu ma gidajen ƙasa ba sa samu. Gidan Safta kuwa, daga rufinsa kana hango ruwan kogi yana ƙyalli.

Ina shanya zanin gadonta ina jin su. Sun baje kayan a kan ciyawa suna shafawa.

"Wannan ta kanti ce," in ji Tudose, ya shuri ƙaramar da ƙafa. "Haƙarƙari biyar. Tashar gida kawai take kamawa, ita ma sai ta ga dama. Wannan kuwa wani abokina ne ya ƙera a wajen aiki. Haƙarƙari goma sha ɗaya, kowanne an auna shi da tef daidai da tashar 'yan ƙetare. In ka rage ko faɗin farce, ka ɓata."

Doguwa ce kamar ƙayar wani ƙaton kifi, farin ƙarfe marar nauyi. Dobre ya ɗaga ta yana lumshe ido ɗaya kamar ya san wani abu.

"Ina ne gaba?"

"Gajerun haƙarƙarin su ne gaba, su za su kalli kogi. Dogon yana baya. Kuma sai ta wuce bututun hayaki da tsawon mutum biyu. Rufin kwano yana cinye hoto in ta yi kusa da shi."

"Akwai fayif na ruwa a bayan rumbuna."

"Ka gama magana, Nea Dobre! Ai shi ya sa na ce kai zan fara kira."

Na ce, "Tudose, uwarka ce a ciki."

"Don ita na kawo, Dada. Ta ɗan ga duniya kafin..." Bai ƙarasa ba.

"Matar da ba ta iya ɗaga kai daga filo?"

"Kai, Frusina," in ji Dobre, "bar yaro ya yi abin da zai rage masa damuwa."

Yaro. Mai shekara arba'in da huɗu da sanƙo.

Ranar Juma'a suka gano tsohuwar bishiyar tuffa ta tare hanya. Babban reshenta yana daidai tsakanin rufi da kogi. Safta ce ta dasa ta shekarar da ta haifi Tudose. Ina zaune a gefenta ina jiƙa mata leɓe da auduga muka ji ƙarar zarto. Ta buɗe ido.

"Me suke yankawa?"

"Itacen girki."

"A watan shida?"

"Rufe idonki, ke dai."

Reshen ya faɗi, ƙananan 'ya'yan tuffa kore suka warwatsu har bakin ƙofa. Ba ta sake tambaya ba.

Ranar Asabar da hantsi numfashinta ya canja. Na san wannan numfashin, yana ja, ya tsaya, ya dawo da kurari. Farcenta ya fara shuɗi. Na ɗauko kyandir ɗin da ta ajiye shekara uku a ƙasan hoton Maryamu, na ɗora a cinyata da ashana. A waje sun riga sun kafa fayif ɗin a jikin bututun hayaki, sun ɗaure shi da wayoyi uku, sun zuro wayar eriya ta tagar falo. Abin da ya rage a juya ta har hoto ya fito.

Wannan aikin kuwa mutum uku yake so. Ɗaya a kan rufi yana juyawa, ɗaya a gaban talabijin yana kallo, ɗaya a tsakar gida yana kai magana, domin tagar falo tana kallon hanya, ƙarfen kuma yana bayan gida, ga Dobre kunnensa ɗaya a mace yake tun aikin soja. Sun yi ta ƙwala wa juna har muryarsu ta dushe, wannan na cewa hagu wancan na jin dama.

Sai ga Tudose a bakin ƙofar ɗakin, yana murza hula.

"Dada Frusina, minti biyar."

"A'a."

"Minti biyar kawai. Nea Dobre ya daɗe a sama, kwanon ya yi zafi, kar jiri ya ɗebe shi ya faɗo."

"Ya sauko mana. Wa ya aike shi?"

"In ya saki ƙarfen yanzu iska za ta kayar da shi a kan rufin, a daidai kan Muika. Dubi, daga gadonta zuwa talabijin taku uku ne. Ƙofar nan a buɗe za ta zauna. Ba ni ashanar. Ido ɗaya a kanta, ido ɗaya a can. In ta motsa kawai, ni zan kunna da hannuna. Uwata ce fa. Wa ya fi cancanta ya riƙe mata?"

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ni. Gaskiya ne, ɗa ya fi maƙwabciya. Na ce a raina wataƙila Allah ne ya taɓa zuciyarsa.

"Rantse."

Ya yi alamar gicciye har sau uku yana kallon hoton Maryamu. Na ɗora kyandir ɗin a kan bargo kusa da hannunta na dama, na miƙa masa ashana, ya zura a aljihun riga. Na sunkuya na ce mata, "Safta, ina nan tsakar gida, kina jin muryata." Idonta a rufe, amma yatsunta sun kama bakin zanina. Ni da hannuna na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba wanda ya sa ni. Ina faɗa ne don kar a ce na ɓoye nawa.

Minti biyar ya zama rabin awa.

"Ya wuce! Ki ce ya dawo!"

"Dawo baya!"

"Tsaya nan! A'a, ya tafi! Hoton ya koma tsaki-tsaki!"

Tsakani na ƙwala, "Tudose, yaya take?"

"Tana barci! Ki ce ya ɗan ɗaga hancinta sama!"

Na sake tambaya bayan ɗan lokaci, ya ce, "Lafiya lau, Dada, ina ganinta!" Can sai na ji ya yi wani ihu kamar an haifa masa ɗa. "Ya fito! Ya fito tas! Kar ya motsa! Ya ɗaure a nan!" Muryar wata mata ta cika falon tana magana da yaren ƙetare.

Ban jira Dobre ya ji ba, na shige. Tudose na tsugune yana dariya, wata mata mai jan baki tana nuna taswira a gilashin. Ƙofar ɗakin Safta kuwa a rufe take ruf.

"Wa ya rufe ƙofar nan?"

Dariyar ta tsaya a fuskarsa. "Kurarinta ne ya hana ni jin sautin. Sai na ji yaren nake gane ko tasharsu ce. Yanzun nan na tura ta."

Na buɗe. Bakinta a buɗe, idonta a buɗe, kanta ya juyo wajen ƙofa. Hannunta na dama ya sauka daga inda na bar shi, ya tsaya kamar tsawon yatsa daga kyandir ɗin. Na taɓa goshinta, na taɓa wuyanta. Na san gawa. Wannan ba yanzun nan ba ne.

Ban san irin ƙarar da na yi ba. Abin da na sani, Tudose ya ture ni gefe, ya ciro ashanar daga aljihu, ya karya biyu, ta uku ta kama. Ya kunna kyandir ɗin, ya cusa a hannun uwarsa, ya matse yatsunta a kai da nasa. Sannan ya leƙa taga.

"Nea Dobre! Sauko da sauri, Muika na tafiya!"

Dobre ya shigo yana haki, ya cire hula, ya yi alamar gicciye.

"Ka gani ko?" in ji Tudose. "Da haskenta a hannu."

"Ƙarya kake!" na ce. "Dobre, taɓa ta. Taɓa ta ka ji!"

Bai taɓa ba. Ya dubi kyandir, ya dubi Tudose, ya dubi ƙasa. A falo matar nan tana ta zuba yarenta.

Ni na yi mata wanka, ni na ɗaure mata haɓa, ni na sa mata rigar da ta ɗinka wa wannan ranar. Aka rufe madubi da tawul, aka rufe talabijin ɗin ma, yadda ake yi har arba'in. Duk matar da ta shigo gaisuwa tambayarta ɗaya, "Ta samu haske?" Tudose na bakin ƙofa yana amsawa kafin in buɗe baki. "Ta samu, a hannuna ta cika." Na yi shiru a gaban gawa don ba a faɗa a kan mamaci. Na ce in an binne ta zan same shi mu yi magana ta hankali.

Ranar Litinin aka binne ta. Ranar Talata na same shi a gindin tuffar yana cin tuwon masara da cuku.

"Tudose, ba na son komai a wurinka. Ranar Lahadi ka tsaya a coci ka faɗi kalma huɗu. Uwata ta tafi a duhu. Sauran ni zan yi, kyandir ɗin ma ni zan saya."

"Kalma biyar ce wannan."

"Kar ka yi mini wasa."

Ya ajiye cokali. "Dada, kina so in tsaya gaban garin nan in ce na bar uwata ta mutu ina kallon talabijin? In sake shigowa ƙauyen nan da wace fuska? Ta mutu, ta huta. Kyandir kakin zuma ne da zare."

"In kakin zuma ne, me ya sa ka cusa mata a hannu?"

Ya ɗauki cokalinsa.

Ranar Laraba da la'asar na ga maza suna hawo tudu ɗaya bayan ɗaya, kowa da kujerarsa, wasu da kwalbar tsuika, giyar da muke dafawa a gida. Mai gadin gonar gwamnati, direban tarakta, ɗan sandan ƙauye da hularsa a hammata. Wai sun zo taya Tudose zaman makoki. Na leƙa ta taga. An ɗage tawul ɗin an naɗe shi a saman akwatin talabijin. Kwana biyu da binne ta. Dobre na sahun gaba, an ba shi kujera mai hannu, kujerar da nake zama a gefen gadonta. A bayansa, da baƙar rigarsa da gemunsa, Fada Ilarie.

Washegari na tare Fada a ƙofar coci, na sumbaci hannunsa, na faɗa masa komai tun daga bargo har ƙofa.

"Frusina, 'yata," ya ce, "maza biyu sun shaida mini sun ga kyandir yana ci a hannunta. Ɗaya ɗanta, ɗaya mijinki."

"Yana ci a hannun gawa, Fada."

"Ke kina ɗakin lokacin da ta cika?"

"Ba na nan."

"To kin gani. Ba ki san lokacin ba."

"Na san sanyin gawa. Ka karanta mata addu'ar kawai, me zai rage ka?"

"Ba a karantawa sai na jini ya nema. In na karanta a kan maganarki, na ce ɗanta maƙaryaci ne a gaban jama'a. Ki je gida ki yi mata addu'a. Allah mai jinƙai ne."

"Jiya wa ya ci wasan, Fada?"

Ya ja hannunsa ya shige ciki.

A gida na ajiye wa Dobre miyar wake a gabansa, na tsaya a kansa.

"Shekara arba'in da uku ina wanke maka wando. Ka ji ihuna ko ba ka ji ba?"

"Kunnena..."

"Kunnenka ya ji 'sauko' ai. Ka ga idonta. Ka ga launin fuskarta. Kai ka taya ni ɗaga ta, ka ji yadda take."

"Abin da aka tambaye ni na faɗa. An ce ka ga kyandir, na ce na gani."

"Matar nan ce ta shayar da 'yarka wata biyu lokacin da nonona ya ƙafe."

"Frusina, in magana ta fito, Tudose zai kwashe kayansa ya koma. Mutane ashirin suna hawa tudun nan. Kina so su ce ni na jawo? A garin nan zan zauna da su."

"Ita kuma a ina za ta zauna?"

Ya ci gaba da shan miyarsa. Tun ranar ban sake zama tebur ɗaya da shi ba.

Ranar da ta cika kwana tara aka yi sadaka a tsakar gidan Safta. Dogon tebur a gindin tuffa mai guntun hannu, mutum ya fi talatin. Ni na dafa koliba, alkamar mamata, na yi mata ado da sukari. Fada ya sa albarka, Tudose ya miƙe da kofi a hannu ya ce, "Allah ya gafarta wa Muika. Abin da ke sanyaya mini rai, ta tafi da haskenta."

Na ajiye tiren da ƙarfi har cokula suka yi tsalle.

"Ba ta tafi da shi ba."

Kowa ya juyo yana kallona.

"A duhu ta tafi, ƙofa a rufe, ashana a aljihun wannan. Ya rufe ta don numfashinta ya hana shi jin talabijin. Gawa ya kunna wa kyandir. Saura kwana talatin da ɗaya. Ya je coci ya faɗa, shi ke nan abin da nake nema."

Tudose ya yi fari, sannan ya yi ja. Ya ajiye kofin a hankali.

"Tunda ta kawo maganar, ku tambaye ta. Wa Muika ta sa ya rantse ba zai tashi daga gefenta ba? Ni ko ita? Ina take lokacin? Duk layin nan an ji muryarta tana ihun hagu da dama. Abin ne yake cin ta, shi ya sa take neman wanda za ta ɗora wa."

"Na tashi," na ce. "Na rantse kuma na tashi. Yatsunta na ɓamɓare daga zanina. Ga shi na faɗa a gaban kowa, ban mutu ba. Saura kai."

Ya kawar da kai.

"Dobre," na ce, "ɗaga kai. Faɗa musu."

Dobre yana ta tattara ɓarɓashin burodi da yatsa a kan tebur, yana yin ɗan tudu da shi. Wani daga can ƙarshen tebur ya ce, "Tsufa ne, ku ƙyale ta." Wani ya duba agogonsa, domin akwai wasa ƙarfe biyar. Matan kuwa, waɗanda na riƙe wa iyayensu hannu, kowace ta sunkuyar da kai a kan kwanonta. Abin da suka ɗauka suka tafi da shi gida ɗaya ne, Frusina ta bar mai mutuwa ta tafi kallon eriya. Makon jiya tsohon da ke bayan rijiya ya kwanta, wata aka kira, ba ni ba.

Tudose ya koma aiki washegari, yana zuwa Asabar da Lahadi. Ya kulle ɗakin uwarsa ya tafi da makullin, na falo kuma ya bar wa Dobre saboda 'yan kallo.

Yau kwana ashirin da uku. Saura goma sha bakwai. Har yanzu abin da nake nema bai canja ba, kuma duk wanda ya san Tudose ɗan Safta a Krayoba ya gaya masa, bas na tashi ƙarfe shida, coci na buɗewa ƙarfe takwas.

Ni dai kullum da la'asar ina zagayawa ta bayan gidan, wajen tagar ɗakinta, in kafa kyandir a kan dakalin tagar daga waje. Nan ne mafi kusa da gadon da zan iya kaiwa. Ni ba jininta ba ce, ba a karanta addu'ar ba, ban sani ba ko yana isa gare ta. Iskar kogi kuma tun da aka sare reshen nan kai tsaye take bugo bangon. Wani lokaci sai na ƙyasta ashana biyar kafin ya kama, ya kama kuma ya mutu.

Jiya ina durƙushe ina fama da shi, a falo maza na ihu an ci ƙwallo, a sama eriyar na kaɗawa tana ƙara a jikin wayoyinta. Sai na ji taku a bayana. Ban juya ba, na san tafiyar. Dobre ya zo ya tsaya ta ɓangaren kogi, ya ba iska baya, ya buɗe kwat ɗinsa da hannu biyu. Harshen wutar ya daina rawa ya miƙe.

Ban ce masa komai ba, kuma ba zan ce ba sai ranar da ya buɗe baki a coci. A ciki wani ya ƙwala, "Nea Dobre, an dawo daga hutu!" Ya ɗan juya kai wajen muryar, sannan ya gyara tsayuwa. Kakin ya fara gangarowa yana taruwa a kan dakali, a gefen na sauran kwanakin.